Littafin Tsattsewar Giginya

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Gardama ce ta sa na buɗe wannan littafi. Jiya da la'asar muna zaune a bakin fadama ni da ɗan yayana, sai ya nuna min tsuntsayen nan sirara masu kewaya giginyun gonar wani dattijo da muke ce wa Baba, ya ce, "Baffa, waɗannan a ina suke sauka?" Na ce a kan wayar lantarki mana, kamar kowace tsattsewa. Ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Har na buɗe baki zan musa, sai na tuna ni ma shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina ganinsu, ban taɓa ganin ɗaya a zaune ba, ko a waya, ko a reshe, ko a ƙasa. Malamin makaranta guda, ɗan aji biyar ya ƙure ni.

Na ɗaura niyyar sai na gano inda suke kwana da inda suke ƙwai. Giginya takwas ce a gonar. Shida sun yi sama sosai, ba su hawuwa ga irina. Biyu matasa ne, gajeriyar cikinsu za ta kai mita shida, busasshen karinta duk ya rataye ya rufe mata jiki kamar zani. Cikinsa na ga suna kutsawa da magariba. Da ita zan fara.

Talata, 23 ga Afrilu

Na tura ɗan bidiyon da na ɗauka ga wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos da ke Laminga. Saƙon muryar da ya maido ya kusa minti tara, shi ma ya samu ranar koya wa malaminsa.

Ashe abin da muke haɗawa mu kira tsattsewa dangi biyu ne da ba su haɗa kaka ba. Mai ɗebo laka tana manna sheƙa a zaure ko a masallaci, tana kuma zama a kan waya, ita daban. Wannan ta giginya daban, kuma danginta na kusa su ne tsuntsayen nan 'yan mitsi-mitsi na nahiyar Amurka masu tsotsar zumar fure. Kamannin da suke yi da juna sana'a ce ta kawo, dukkansu farautar ƙwari suke yi a iska. Sunan da masana suka ba ta Cypsiurus parvus, wani Bajamushe mai suna Lichtenstein ne ya fara siffanta ta a rubuce a 1823, daga wadda aka samo a ƙasar Nubiya, wajen Sudan ta yau. Tsawonta santimita 16 ne, har da dogon bindinta mai baki biyu, wanda idan tana tashi take haɗe shi ya zama kamar allura. Nauyinta bai fi na dunƙulen magi uku ba.

Amsar tambayar yaron kuwa a ƙafa take. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba su iya tafiya, ba su iya riƙe reshe. Abu ɗaya suka iya: maƙalewa a jikin abin da yake tsaye. Sunan da aka ba danginsu baki ɗaya ma daga Girkanci yake, ma'anarsa marasa ƙafa. Ci a sama, shan ruwa ma a tashe, ta sauko ta shafi bayan ruwa da baki ta wuce.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na shiga Kano na sayo madubin hangen nesa na hannu, naira 18,000. Sai da na dawo gida na gane idon hagu hazo ne a ciki, kamar ana kallon Disamba ta cikinsa. Araha ba ta ado. Da ido ɗaya zan riƙa aiki. Gora doguwa 1,500, ƙaramin madubin mata 700, robar ɗauri daga tsohon tub ɗin keke kyauta.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Awa biyu a gindin giginya, wuya ya ƙage. Jemagu kawai na tayar.

Laraba, 1 ga Mayu

Yau hutu ne, na fita tun bayan asuba, kuma Allah Ya yi. Kuskurena na kwanakin baya shi ne ina neman abin da na saba kira sheƙa, wato 'yar ƙwarya ta ciyawa. Babu wannan. Da na tura madubin a kan gora ta ƙarƙashin wani kari da bai gama bushewa ba, sai na ga wani ɗan abu fari-fari manne a cikin kwarin ganyen, kamar an tauna auduga an tofa. Faɗinsa bai kai tafin hannun jariri ba. Gashin tsuntsaye ne da 'yar auduga irin ta rimi ko ta tumfafiya, an haɗa an liƙe a jikin ganyen da yake rataye tsaye. A ƙasansa akwai ɗan leɓe da ya turo, bai fi bakin cokalin shayi ba. A kan leɓen nan ƙwai ɗaya, fari, dogo, bai kai santimita biyu ba, a tsaye.

Na daɗe ina kallo don hankalina ya ƙi yarda. Karin yana lilo a iska, ƙwan ko gezau. Na sake kiran ɗalibina. Ya yi dariya ya ce, "Malam, da miyau ta liƙe shi." Da miyau take manna gashin, wanda take cafkowa a iska yana yawo, da miyau kuma take manna ƙwan a jikin sheƙar da zarar ta saka shi. Ya ƙara da cewa a wajen Indonesiya da Malesiya akwai danginta da ke gina sheƙa da miyau zalla, mutane na hawa kogo su ɓamɓaro, a sayar da tsada a yi miya. Da na faɗa wa uwargida ta ce in bari sai ta gama cin abinci.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ƙwai ya zama biyu. Daga yau zan fara ƙirga. An ce kwancin kwana ashirin ne ko kusa da haka.

Asabar, 4 ga Mayu

Dole na je wajen Baba, don na ji ana cewa zai sa a sare karin kafin damina, ya gyara danga. Na same shi yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa na kawo buƙata: a bar min gajeriyar giginyar nan wata biyu ba a taɓa ba, zan biya kuɗin karin a sama.

Ya ajiye igiyar ya dube ni. "Malam, tsuntsun naka ci ake yi?" Na ce a'a Baba. "Magani ne?" Na ce a'a, kallo ne kawai. Ya ce, "To lallai inuwar giginya na nesa ka sha. Ni da na gaji itacen ban san ina da 'yan haya ba." Muka daidaita a kan 3,000. Ya tambaye ni ko in haɗa da ɗaya matashiyar a ƙara 2,000, na ce a'a, wannan ta ishe ni.

Hirar da ta biyo baya ta fi cinikin amfani. Ya ce lokacin yana yaro giginyun fadamar nan sun ninka na yanzu sau da yawa, azara ta cinye manya, muruci ya cinye 'ya'yan, don duk ƙwallon da aka binne tono shi ake yi a dafa kafin ya zama itace. Wanda ya shuka giginya kuma jikansa ne mai ganin tsayinta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Hadarin farko. Tun azahar gabas ta haɗe, zafi kamar a tafasa. Kafin iskar ta iso sai ga wasu tsattsewa manya, baƙaƙe, da yawa, can sama suna tafe a goshin hadarin, ba irin nawa ba. Ina kyautata zaton na Turai ne masu komawa gida a wannan lokaci. A kansu ne masana na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka ɗaura 'yan na'urori, suka bayyana a 2016 cewa akwai masu yin wata goma a sama ba su sauka ba. Nawa dai kullum suna dawowa giginya su kwana.

Sai iska. Ta kwashe kwano biyu daga rufin ajinmu, ta karya reshen darbejiyar ƙofar gida. Ina tsaye a bukkar gona ina kallon karin nan yana dukan jikin giginyar kamar ana bugun shinkafa. Na riga na yi ta'aziyyar ƙwai a zuciyata.

Da aka ɗauke na je da madubi. Uwar tana nan, ko uban, don ba a bambance su da ido kuma karɓa-karɓa suke yi. Ta kafa farce a jikin sheƙar, kai sama, bindi ƙasa, ta danne ƙwan da ciki. Haka suke kwanci, a tsaye. Da ta tashi, ƙwai biyu cif. Kaza takan juya ƙwanta da baki kullum. Wannan ba halin juyawa, kuma haka nan yake ƙyanƙyashewa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban so rubuta na yau ba, amma littafin da babu laifin mai shi a ciki ba littafi ba ne.

Madubi yana nuna min komai, sai dai ba ya ajiye hoto, ni kuma ina son abin nuna wa 'yan aji. Na cire madubin na ɗaure wayata a bakin gorar, na kunna bidiyo. Waya ta fi madubi nauyi nesa ba kusa ba, gorar sai rangaji take. Ɗan yayana ya ce, "Baffa, bari iskar ta kwanta." Na ce yanzu zan gama. Ina turawa iska ta kaɗo karin, gefen wayar ya daki sheƙar. Na ji ɗan ƙas. Garin janyewa da sauri robar ta zame, wayar ta faɗo a kan busasshen gindin kari, gilashi ya tsage gida huɗu.

Na mayar da madubi hannuna na rawa. Ƙwan dama ya fashe. Rabin ɓawon yana nan manne, miyau bai sake shi ba, ruwan ya gangaro a jikin ganye. Abin da iskar da ta ɗauke kwano ta kasa, ni na yi shi da rana tsaka. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya fi damuna kada su guje wa ɗayan. Muka ja baya can gindin mangwaro muka zauna. Minti hamsin babu wanda ya shiga. Yaron bai ce min uffan ba, kuma da ya yi magana da ya fi min sauƙi. Daga baya ɗaya ta yi kewaye uku ta kutsa.

Doka daga yau: babu waya a kan gora. Madubi sau ɗaya a kwana biyu, da sassafe kafin iska ta tashi, kuma ba zai matsa kusa da kamu ɗaya ba. Sauran kallo daga gindin mangwaro. Gyaran gilashi 14,000.

Laraba, 15 ga Mayu

Suna kwanci. Canji wajen ƙarfe bakwai, sai kuma tara saura.

Asabar, 18 ga Mayu

Ruwan shuka. Kowa yana gona. Na gano sheƙa ta biyu a ɗaya matashiyar giginyar, da 'ya'ya biyu da suka riga suka ƙyanƙyashe.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ya fito. Kwana ashirin daga ranar da na ga ƙwai na biyu. Tsirara yake, ja-ja, ido a rufe, kai ya fi jiki. Abin da na fara dubawa shi ne me ya riƙe shi, tun da shi ba a liƙe shi da miyau ba. Farce ne. Tun ranar farko ya kafa su a cikin gashin sheƙar, kansa sama kamar iyayensa. Babu gefe, babu bango, ƙasa mita biyar da ɗoriya. In ya saki sau ɗaya shi ke nan.

Lahadi, 26 ga Mayu

An yi ruwa jiya da dare, yau shinge ya fito, wato gara mai fiffike. Yara na bi da kwanuka a ƙasa, tsattsewa na bi a sama. Na zauna daga ƙarfe huɗu zuwa shida ina ƙirga shigarsu: sau bakwai. Ba ƙwaro ɗaya-ɗaya suke kawowa ba. Suna tara ƙananan ƙwari a maƙogwaro, su cure su da miyau su zama ɗan dunƙule, har ana ganin wuyan ya kumbura idan sun doso. Miyau dai, miyau dai. Shi ne simintinsu, shi ne igiyarsu, shi ne kwanon kai abinci.

Asabar, 1 ga Yuni

Rowar naira 2,000 ta kama ni. Jiya ina makaranta aka sare karin ɗaya giginyar, kuma babu wanda zan zarga, Baba ya tambaye ni na ce a'a, bayan na ga sheƙa a jikinta ma na yi ta cewa gobe zan je. Ɗan yayana ne ya tsinci karin a cikin tarin da aka jingine. Ɗa ɗaya ya riga ya mutu. Ɗayan yana maƙale da sheƙar, an ja shi a ƙasa, an jefa shi kan tari, bai saki ba.

Muka yanko ɓangaren ganyen muka hau tsani muka ɗaure shi a jikin giginyar, kusa da inda yake da, ko iyayen za su gane. Sun yi ta kewaya wurin har magariba suna 'yar ƙarar nan tasu siririya, suna zuwa daidai inda karin yake a da, inda yanzu babu komai sai iska. Ko sau ɗaya ba su kalli inda muka ɗaura ba. Tsanin namu bai kai ba, mun gaza da fiye da mita ɗaya.

Da dare na kawo shi gida. Uwargida ta kawo shawarar tsaki da ruwa kamar ɗan tsako. Na hana, don cikinsa ƙwari kawai ya sani. Muka kamo shinge da ƙananan fara a gindin fitila, na cire ƙafafu da fiffike, ina buɗe bakin da tsinken ashana. Ya haɗiye uku. Na rataye ganyen a bango a tsaye, don da na kwantar da shi a kwali sai ya yi ta rarrafe yana neman abin hawa. Da asubar yau na same shi ya mutu, farcensa har yanzu a cikin gashin. Sai da na yanke gashin kafin na raba su.

Na je na biya Baba 2,000 ɗin, ko da yake babu sauran karin da za a bari. Kuɗin na sabon da zai rataye nan gaba ne. Bai yi min dariya ba wannan karon.

Talata, 4 ga Yuni

Hankaka biyu sun yi ta sintiri a kan giginya. Ba su iya shiga ƙarƙashin karin ba. Yara masu danƙo su ne suka fi ba ni tsoro. Na ɗora musu aikin gadi, da alewa.

Asabar, 8 ga Yuni

Kwana 16. Ido a buɗe, jiki ya rufe da gashi, fuka-fuki sun fara tsirowa kamar tsinke. Ya fi sheƙar girma, rabinsa a waje yake. Launinsa ya saje da ganyen har sai na yi da gaske nake ganinsa. Gashinsa yana da ɗan jan baki-baki da iyayen ba su da shi.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Na leƙa bayan an sauko daga idi, da babbar riga. Lafiya lau.

Alhamis, 20 ga Yuni

Kwana 28. Ya bar sheƙar, ya hau sama da ita kamar taƙi ɗaya a jikin ganyen, yana buɗe fuka-fuki yana kaɗawa da ƙarfi alhali farce na riƙe. Fuka-fukin sun zarce bindi, sun gicciye a baya. Iyayen sun rage zuwa: sau uku a awa biyu. Ɗan kaza yana koyon tafiya a faɗi a tashi, ɗan tattabara yana da bakin ɗaki da zai gwada. Wannan ba shi da wurin gwaji. Sakin farko shi ne tashin farko.

Litinin, 24 ga Yuni

Ban gani ba. Kwana uku ina zuwa tun duku-duku, jiya ma ina nan har ƙarfe tara yana maƙale. Yau na tafi makaranta, na dawo, babu shi. Ɗan yayana da 'yan gadinsa sun bincike gindin giginya har cikin gero, babu gawa, babu gashi. Da yamma a cikin masu kewayawa akwai ɗaya mai gajeren bindi da ba ta kai sauran iya juyi ba. Na bi ta da ido ɗayan nan nawa har duhu ya raba mu. Kwana 32 daga ƙyanƙyashewa.

Asabar, 29 ga Yuni

Lissafi: madubin hangen nesa 18,000, gora da madubi 2,200, Baba 5,000, gilashin waya 14,000, alewar 'yan gadi 1,300. Jimla 40,500, kusan kashi ɗaya cikin uku na sakarcina ne.

Sheƙar da aka saro tana cikin kwalba a aji. Na auna ta: faɗi santimita huɗu da ɗan ɗori. Yara sun gane gashin zabo da na kurciya a ciki. Mun jiƙa gefenta da ruwa, sai da ta kwana kafin ta fara saki.

Abin da ke gaba: idan an yi hutu ni da yaron za mu bi fadamar daga gada zuwa mashaya, mu ƙirga giginyu, mu ware waɗanda aka bar wa kari da waɗanda aka aske, mu ga a kan waɗanne suke kewayawa. Zan duba goruba ma, ɗalibina ya ce suna amfani da ita. Ina buƙatar gora mai tsawo da littafi na biyu. Ƙwallon giginya goma sha biyu na binne a gefen gonarmu ranar Laraba, na kuma gargaɗi mutanen gida cewa ba na muruci ba ne.

Wa'adina da Baba zai cika 4 ga Yuli. Yau da safe na tura madubi don in yi sallama da tsohuwar sheƙar, sai na ga an ƙara mata sabon gashi fari a leɓe, ɗaya daga cikin tsuntsayen kuma tana maƙale a gefe. Gobe bayan la'asar zan koma wajen Baba da 3,000.